Waiwaye: Abin Da Tsohuwa Ta Ce Kada A Rubuta

Duk wanda ya shiga makarantar boko a ƙananan garuruwanmu cikin shekarun 1960 da 1970 ya san wani aiki da ba a koya mana a aji ba, amma muka yi shi har hannu ya saba. Da zarar an ji yaron gidan wane ya kai aji huɗu, ya iya haɗa baƙi, to ya zama akawun unguwa. Bayan la'asar sai a aiko ƙaramin yaro ya ce ana kiranka a gidan Iya ko gidan Gwaggo. Ka tarar an shimfiɗa tabarma, an ciro falle biyu daga tsakiyar littafin rubutu, ga ambulan da kan sarki an saya tun ranar kasuwa. Ladanka ƙuli-ƙuli ne ko dakuwa, wata rana sisi, wata rana albarka kawai.

Wasiƙun kusan hanya ɗaya suke bi. Wannan ɗanta yana fataucin goro a Shagamu, waccan nata yana haƙar kuza a Jos, wata kuma nata ya shiga soja, ko ya daɗe a zangon Kumasi har an fara mantawa da kamanninsa. In ɗan fari ne, tsohuwa ba za ta kama sunansa ba, kai ne za ka san wanda ake nufi. Sai ta ce, "Maigidana, rubuta ka gaya wa wancan yaron muna lafiya." A zayyana damina, a faɗi kuɗin tiyar gero, a lissafa wanda ya rasu da wadda ta haihu. Can sai ta yi shiru, ta gyara mayafi, ta sassauta murya ta ce ruwan bana ya kayar da ɗakinta, tun watan azumi a zaure take kwana. Kafin ka ɗora alƙalami sai ta riƙe maka hannu: "A'a, kada ka sa wannan. Ce masa dai muna nan kalau."

Mukan bi umarni. Amma maganar da aka hana mu rubutawa ita ce ke bin mu har shimfiɗa. Ga shi kuma in amsa ta zo, mu ne dai masu karantawa. Shi ma ya rubuto cewa kasuwa sai godiya, yana nan tafe da babbar Sallah, alhali direban da ya kawo takardar ya riga ya faɗa a tasha cewa ya gan shi yana dako. Muna yara, sai ga mu tsakanin uwa da ɗa, kowanne yana ɓoye wa ɗan'uwansa wahalarsa saboda ƙauna. Ba mu san sunan abin da ke hannunmu ba a lokacin, amma cikakken labari ne, da taurarinsa da jigonsa, ƙarshensa kaɗai ya rage a ƙaga.

Na kawo wannan ne saboda tambayar da matasa ke yawan yi wa marubuta a taruka: wai a ina kuke samo labari? Wasu na zaton sai an keɓe a ɗaki an rufe ƙofa ilhami zai sauko, wasu ma har cewa suke marubuci yana da mutanen ɓoye. In ka bi sawun marubutan da muke ji da su, sai ka tarar abin ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka wuya. Wata 'yar magana ce da aka ji a bakin rijiya, ko wata fuska da aka gani sau ɗaya a tasha, ta maƙale a zuciya ta ƙi fita.

Mu ɗauki Abubakar Imam, tunda shi ne ya yaye da yawanmu a karatun Hausa. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya nemi malaman Arewa su gwada rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Imam, marubucin Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Bai ɓoye ba cewa ya tsinci wasu dabaru daga littattafan Larabci, musamman Muƙamatul Hariri, inda mutum biyu ke ta haɗuwa gari-gari. Da aka kai shi Zariya a 1936 don ya rubuta Magana Jari Ce, tulin littattafan tatsuniyoyin Larabawa da na Turawa da na Indiya aka ajiye masa. Manazarta sun bi diddigi sun gano, alal misali, labarin Kalala da Kalalatu ya samo tushe daga wata tatsuniyar Jamus.

To amma wa ya taɓa jin ƙanshin Jamus a jikin Kalala, sa'ad da muke kwashewa da dariya a aji muna hango shi yana bin baƙonsa da gudu, wuƙa a hannu? Wa ya taɓa ɗaukar Malam Zurƙe ɗan Muhamman na Ruwan Bagaja baƙo? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, amma na Imam ya rufe, kuma ni a ganina dalilin a fili yake. Ƙashin labarin kawai ya aro. Yadda mata da miji ke musayar magana a kan tukunya, yadda mai wayo ke rantsuwa a gaban alƙali, yadda bafade ke kwarzanta sarki, yadda ɗan kasuwa ke zuga haja, waɗannan babu littafin da zai ba shi. Sai wanda ya tashi a gidan malanta a Kagara, ya zauna a zaure, ya ratsa kasuwar Katsina da kunnensa a buɗe. Yayansa Bello Kagara kuwa, marubucin Ganɗoki, yana yaro ne lokacin da Turawa suka ci Kwantagora a 1901, ya kuma girma cikin mutanen da suka ga abin da idonsu. Ba mamaki da Ganɗoki ya fito da muryar tsohon mayaƙi mai cika baki, irin wanda yara ke kewayewa da dare. Kunne ya girmi kaka.

Abin da muka manta, ina ji, shi ne yawan jiran da ke cikin rayuwarmu ta da. Mun yi jira a bakin rijiya, mun yi a layin asibiti, mun yi a gindin injin niƙa da ƙwaryar dawa a ka. Babban jira kuwa na jirgin ƙasa ne. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, kuma tun daga nan tasha ta zama wata makaranta. A ce jirgi zai zo da azahar, ya zo bayan isha. In ka shiga, tafiyar Kano zuwa Ikko ta wuce yini da kwana, wani lokaci ta ninka. Kana zaune gwiwa da gwiwa da mutumin da ba ka taɓa gani ba, ba kuma za ka sake gani ba, shi ya sa yake kwance maka cikinsa. Kafin a kai Minna ka san dalilin da ya sa ya bar garinsu, kafin a haye Jebba ka san sunan matar da aka hana shi.

Cyprian Ekwensi, Inyamurin da aka haifa a Minna a 1921, ya san wannan sarai. Littafinsa The Passport of Mallam Ilia, wanda aka buga a 1960 kuma da yawanmu muka karanta a sakandare, a cikin jirgin ƙasa ya ɗora shi: wani dattijo ne ke warware wa wani saurayi tarihin rayuwarsa da ramuwar da ya daɗe yana bi. Duk wanda ya taɓa kwana a tarago ya san marubucin bai yi nisan kiwo ba wajen nemo wannan zubi. Can Ingila ma, J.K. Rowling ta sha faɗin cewa a 1990, cikin jirgin da ya taso daga Manchester zuwa Landan ya yi jinkirin awa huɗu, yaron nan Harry Potter ya faɗo mata a rai. Ba ta da alƙalami mai rubutu, kunya kuma ta hana ta aro, sai ta zauna tana ta saƙa da warwara har aka iso. Littafin bai fito ba sai 1997. Nakan yi tunanin da a yau ne, da waya za ta zaro, kamar yadda ni da kai za mu yi, awa huɗun nan su wuce ba a san inda suka shiga ba.

Sai dai kada a ɗauka abin sa'a ce kawai, wai duk wanda ya tsaya a tasha zai koma gida da littafi. Labarin da ya fi bayyana mini yadda abin ke aiki shi ne na Leo Tolstoy, babban marubucin Rasha. A damunar 1896, yana tsoho ɗan shekara kusan 68, yana ratsa wata gona da aka kafce tas, babu ko ɗan kore, sai ya ga wani tsiro mai ƙaya a gefen hanya. Ƙafar keken doki ta bi ta kansa, reshe ɗaya ya karye, ɗaya ya yi baƙi da taɓo, amma yana nan tsaye da ɗan furensa. Manoma nawa suka wuce wannan tsiro a ranar? Tolstoy kaɗai ya tsaya, domin shi ya tuna masa da Haji Murad, jarumin Musulmin Dagistan, na hannun daman Imam Shamil, wanda ya yaƙi Rashawa, ya saɓa da Shamil ya koma wajensu, sa'an nan aka kashe shi a 1852 yana ƙoƙarin tserewa don ya ceto iyalinsa. Tolstoy yana saurayi a yankin Kaukasus a daidai wannan lokaci, a can ya ji labarin. Shekara 44 abin na kwance a ransa. Ya koma gida ya rubuta a littafin da yake ajiye al'amuran yau da kullum, ya shafe shekara takwas yana gyaran labarin, ba a kuma buga shi ba sai 1912, bayan rasuwarsa da shekara biyu.

Ka ga ashe tsiron bai kawo masa sabon abu ba, tono abin da ke binne ya yi. Lamarin kamar iri ne da aka yi binne tun rani, yana ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya san da shi, sai ruwan farko ya sauka a ga gona ta tsaga. Wanda bai binne komai ba, ko an kwana ana ruwa ciyawa zai samu. Shi ya sa nake ganin marubuci yana aikinsa tun kafin ya san zai yi rubutu, tun yana yaron da ake aika, ana mantawa yana wurin ana ta hira a kansa.

A nan mata sun fi mu rabo, ko da yake an daɗe ba a gane ba. Mu maza muna taƙama da tasha da kasuwa, amma labarin da ya fi zafi a cikin gida yake yawo. Mai kitso takan riƙe kan mace awa biyu, kuma ba gashi kaɗai ake tsefewa ba. Dillaliya ta shiga gida goma a yini da ƙullin atamfa, ta san wadda ta sayar da kwallarta a ɓoye da abin da ya sa. Ga gidan biki, ga zaman makoki, ga 'yar talla da ke komowa da ciniki da labari. Da adabin kasuwar Kano ya kunno kai a tsakiyar shekarun 1980, aka fara buga littattafai ana kai su kasuwa ana ba da haya, wannan taskar ce ta fashe. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure ba ta wuce shekara 13 ba, ta zuba wannan ciwo a Wa Zai Auri Jahila? Amma dubi Alhaki Kuykuyo Ne na 1990: Rabi da 'ya'yanta tara, miji ya kore ta saboda sabuwar mace, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Abin da ya kama masu karatu a littafin ƙananan abubuwa ne, kuɗin cefanen da ba ya isa, habaicin tsakar gida, yadda dangi ke taruwa a yi shawara. Kowace mace ta karanta sai ta ce ta san wannan gida. An soki littattafan nan ƙwarai a lokacinsu, an ce soyayya ce kawai. Ni ina ganin wanda zai nemi sanin yadda gidajen Kano suke a shekarun tsuke bakin aljihu, zai same shi a cikinsu fiye da a takardun gwamnati. Wannan littafi na Balaraba har an fassara shi zuwa Ingilishi a 2012, kuma a Indiya aka buga fassarar.

Majalisa ma ta yi nata. Najib Mahfuz na Masar, sa'an Abubakar Imam ne, dukansu 1911 aka haife su. Ma'aikacin gwamnati ne har ya yi ritaya, amma bai yarda rana ta wuce bai taka titunan Alƙahira da ƙafa ba, ya zauna a gidan gahawa ya saurari mutane. Waɗanda suka yi karatu a Azhar sun san gahawar Fishawi da ke Khan Khalili, kusa da masallacin Husaini, ɗaya daga wuraren zamansa. Littafinsa Zuƙaƙul Midaƙ na 1947 sunan wani ɗan lungu ne na gaske a wannan unguwa, Allissu wal Kilab na 1961 kuwa daga labarin wani ɓarawo da jaridun Masar suka yi ta yayatawa ya taso. Lungun nan da gahawar nan su suka kai shi ga kyautar Nobel a 1988. Mu ma muna da namu gwargwado. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, sojan gaske ne kafin ya zama na wasa, kuma Hausar barikin da ta sa muke kewaye rediyo da talabijin a bakin sojoji ya kwaso ta.

Yanzu in na zauna a teburin mai shayi, nakan ga samari shida a benci ɗaya, kowa ya sunkuya. Ba na zarginsu, domin wayar nan ta buɗe ƙofar da mu ba mu samu ba. Yarinya a ƙauyen da ba a taɓa kai littafin sayarwa ba tana rubuta labari a WhatsApp, dubbai na jiran shafi na gaba kafin ta yi barci. Wannan abin farin ciki ne, kuma ban taɓa zaton zan ga Hausa ana rubuta ta da yawa haka ba. Damuwata ɗaya ce. Na karanta da dama daga cikinsu, sai in ga gidan bene iri ɗaya, attajirin saurayi mai ɗaure fuska iri ɗaya, jirgi zuwa Dubai. Labari ne ya haifi labari, fim ɗin Indiya ko na Turkiyya ya haifi wani, ba a bi ta ƙofar gida ba. Aro ba laifi ba ne, Imam ma ya yi. Amma shi da ya aro sai ya fita ya saurari Katsinawa.

Kuma ana iyawa. Da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Daga shekarar zuwa yau gasar ta fito da labarai a kan abubuwan da muke wucewa ta gabansu kullum mu kawar da kai. Waɗannan 'ya'ya namu sun nuna kunnen bai toshe ba, yana dai bukatar a ba shi sarari.

Akwai wani sharaɗi da ba zan tsallake ba, domin tsohuwar nan da ta riƙe mana hannu tana da hakki a kanmu. Abin da marubuci ya ji amana ne. Tsakaninsa da magulmaci tazarar ba ta da yawa, abu ɗaya suka ji, sai dai shi magulmaci so yake a gane mai labarin, marubuci kuwa so yake mai karatu ya gane kansa. Saboda haka yakan sauya suna, ya sauya gari, ya haɗa mutum uku su zama ɗaya, ya bar abin ya kwana biyu har zafin tonon asiri ya fita, ya rage ciwon da kowa zai iya ji. Na ga inda aka kasa yin haka, littafi ya fito unguwa duka ta san da wa ake, zumunci ya lalace har yau. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In an bi ta wannan hanya, ɗakin da ruwa ya kayar zai iya shiga littafi ba tare da an kunyata mai ɗakin ba, wata uwa a Maraɗi ko Tamale ta karanta ta share hawaye, wani ɗa kuma ya tashi ya nemi motar gida.

Har yanzu akwai mutanen da nake nema a littattafanmu ban gan su sosai ba. Mai POS da ke ƙarƙashin lema, wanda ya san wa aka turo wa kuɗi da wanda ya zo sau uku yana tambaya ko sun shigo. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, da asirin rabin gari ke ratsa hannunsa. Direban adaidaita sahu da mata ke mantawa yana da kunne. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan ga-ruwa, wanda ya baro iyali a wani ƙauye na Damagaram ko Tawa, yake tura kura lungu-lungu tun asuba. Yana shiga gidajen da maƙwabci ma ba ya shiga, ya san gidan da aka rage jarka daga shida zuwa biyu, ya san wanda ke biya a kan kari da wanda ke ɓuya in ya ji sallamarsa, ga shi kuma shi ma yana da abin da yake ɓoye wa na gida in sun kira. Wani daga cikin yaran da ke buɗe masa ƙofa kullum ya isa ya rubuta shi, kuma ina fata in karanta kafin ido ya gaza.